Tallafin da aka ɓoye sanarwarsa, wa aka tara wa kuɗin?

Tun jiya nake danne zuciyata, abin ya ƙi dannuwa. Kun dai ga jerin sunayen waɗanda suka samu tallafin karatu da ƙungiyar nan ta fitar, ba sai na kira sunanta ba, duk wanda ke zauren WhatsApp na 'yan garinmu ya san da wa nake. An buɗe karɓar takardun neman tallafin karatu ranar Alhamis da la'asar, aka rufe daren Lahadi. A cikin kwanakin nan har da Asabar da Lahadi, ranakun da babu sakatariyar da ke buɗe balle yaro ya karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma. To wa zai iya haɗa takardunsa a wannan ɗan tsakanin? Sai wanda aka raɗa wa tun wata guda kafin nan. Wannan ɓoyewa ce, kuma ɓoye sanarwar tallafi cin amana ne.

Safiyar Litinin 'yar ƙanwata ta yi sallama a gidana a Mabera, cikin birnin Sakkwato, riƙe da leda ta naɗe takardunta a ciki. Marainiya ce, uwarta da tuyar masa take riƙe da su. Ta samu gurbin karatu bana, kuma duk wanda ya san yarinyar ya san da guminta ta same shi. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Kawu, an ce an rufe." Na ce, "Yaushe anka buɗe?" Ta ce ita ma sai daren Lahadi wata ƙawarta ta faɗa mata, uwarta ta ranto kuɗin mota, ta yi sammako ko Allah zai sa a karɓa. Ba ta yi kuka ba. Wallahi da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi, domin shirun nan nata na wanda ya riga ya saba ne.

Yanzu ku koma ku sake karanta jerin. Ku duba sunan mahaifin kowane yaro, ku ɗora shi a kan sunayen 'yan kwamiti da surukansu. Ban ce duka ba, akwai 'ya'yan talakawa ƙalilan a ciki kuma ina taya su murna har zuciyata. Amma yaron da ake kai shi makaranta da mota ya karɓi abin da aka tara da sunan marayu, wannan ko kunya ba a ji?

Kada a manta daga ina kuɗin suka fito. Ranar ƙaddamar da asusun ina wurin. 'Yan kasuwarmu sun bayar, masu sayar da albasa sun bayar, malaman firamare da albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata sun zaro daga aljihu, har mata sun aiko da nasu daga cikin gida. Da sunan marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi aka roƙe mu. Saboda haka masu ce mini "ai kyauta ce, mai kyauta yana ba wanda ya ga dama" su adana maganarsu. Wanda ya ciro daga aljihunsa ya ba wanda ya so, ba ruwana. Wanda aka damƙa wa kuɗin jama'a kuwa mai ajiya ne, kuma za a tambaye shi.

Wani ya rubuto mini cewa ai an saka a Facebook. A jihar da ke da ƙananan hukumomi 23, wadda a shekarar 2021 aka katse layukan waya a 14 daga cikinsu saboda 'yan bindiga, kake gaya mini Facebook? Yaron da ke wani ƙauye a Isa ko Sabon Birni ko Gudu, wanda sai ya hau tudu yake samun sabis, wanda wayar gidansu ƙarama ce ta kira kawai, shi ne zai ga abin da ka liƙa a shafinka ranar Alhamis da yamma? Lokacin da kuke neman gudummawa kun san hanyar gidan rediyon Rima. Kun san limaman Juma'a, kun san uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, har sanƙira kuka ɗauka. Da aka zo rabo sai duk hanyoyin nan suka ɓace muku. Wannan ɓoyewa ce.

Turawan Ingila da ke ba da tallafin Chevening sukan bar ƙofa a buɗe wata biyu zuwa uku, su rubuta sharuɗɗa kowa ya gani, alhali ba su haɗa komai da mu ba. Mu da muke sallah sahu ɗaya, muke zuwa jana'izar juna, mu ne za mu yi wa 'ya'yan juna rowar labari.

Sai kuma masu cewa idan aka yayata masu nema za su yi yawa, kuɗin ba za su isa ba. Su yi yawa mana! A faɗi ko mutum nawa za a iya ɗauka, a faɗi da me za a auna, sakamakon jarrabawa ne ko maraici ko duka biyun, a karanta sunayen waɗanda suka samu a gaban jama'a. Wanda ya rasa ya san a fili ya rasa, zai koma gida da haƙuri. Ƙarancin kuɗi ba ya halatta ɓoye sanarwa.

Wata baiwar Allah ta ce mini yarinyar ta nemi NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai rancen karatu. Za ta nema, ni zan zauna da ita mu cika, kuma ina kira ga duk ɗalibin da ke makarantar gwamnati ya nema. Tun watan Mayun 2024 aka buɗe shafin, suna biyan kuɗin makaranta, suna ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa. Amma bashi ne. Shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashin mutum. Ya za a yi a ce wa marainiya ta je ta ci bashi, sannan kyautar da aka tara da sunanta a miƙa wa ɗan mai hali?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a Sakkwato ake yin wannan. A ƙasar nan Nana Asma'u 'yar Shehu ta naɗa jajis, wato mata malamai, ta tura su ƙauyuka suna kai wa matan karkara karatu har ɗakunansu, da ƙafa, ba mota ba waya. Ba ta zauna ta ce wadda ta ji labari ta zo ba. Mu jikokinsu kuma ga waya a hannu, ga rediyo, ga mumbari, amma muna naɗe sanarwa mu sa a aljihu har ranar rufewa ta wuce.

Roƙona ga kwamitin, kuma da girmamawa nake yi domin akwai iyayena a ciki: ku sake buɗewa. Ku ba da wata guda cur. Ku aika wa shugabannin makarantun sakandare takarda, a faɗa a masallatai, a faɗa ranar kasuwa. Duk ɗan kwamitin da ɗansa ya nema ya tashi daga teburin zaɓe. Babu ko ɗaya cikin waɗannan matakan da ke buƙatar kashe kuɗi.

Af, tunda na tuna. Iyaye, ku lura da masu shagunan intanet da ke cika wa yara fom. Na ga yaran da mai shago ya buɗe musu imel da lambar wayarsa, ya riƙe kalmar sirri, har NIN da BVN ɗinsu suna rubuce a littafinsa. Idan aka turo saƙon gayyata wayarsa yake shiga, yaro bai sani ba. Jiya da na tambayi 'yar ƙanwata imel ɗin da ta yi rajistar JAMB da shi, ce mini ta yi yana wurin mai shago, kuma shagon ya tashi tun bayan sallah.