Kiɗa Ɗaya, Hannu Daban-daban

Kiɗan gargajiyar Turai, wanda ake kira kilasik, rubutaccen kiɗa ne, kuma wannan ne ya sa sauraronsa a gida yake zama aikin kwatantawa ko mutum ya so ko bai so ba. Mai tsara kiɗan ya rubuta abin da yake so a kaɗa ya bar duniya, makaɗa kuma suka yi ta ɗaukar takardar nan zamani bayan zamani, kowa yana karanta ta gwargwadon fahimtarsa. Simfoni (wato dogon kiɗa mai babi-babi da babbar ƙungiyar makaɗa ke kaɗawa) ta biyar ta mai tsara kiɗa Beethoven an fara kaɗa ta ne a birnin Biyana ranar 22 ga Disamba 1808, kuma tun a 1913 jagoran makaɗa Arthur Nikisch ya ɗauke ta a faifan garmaho tare da makaɗan Filharmonik na Barlin. Daga wancan lokaci zuwa yau da wuya a sami shahararren jagoran makaɗa da bai sa mata hannu ba. Saboda haka wanda ya mallaki faifai ɗaya ya tsaya a kansa yakan ɗauka ya ji Beethoven kansa, alhali kuwa ra'ayin mutum ɗaya a kan Beethoven ya ji.

Tun da zama ya kawo ni ƙasar waje nake cuɗanya da masu wannan sha'awa, kuma abin da ya fi damuna game da da yawa daga cikinsu shi ne yadda hirar takan kauce daga kiɗa ta koma kan kayan sauti. Sai a shafe yini ana muhawara a kan waya da lasifika da na'urar ƙara sauti, a sa faifai na ɗan lokaci don a ji yadda ganga ke girgiza ɗaki, a cire, a sa wani. A irin wannan zama faifan ya zama ma'aunin na'ura, alhali an sayi na'urar ce domin faifan. Ni a ganina amfanin kayan sauti masu kyau guda ɗaya ne, wato su bar ka ka ji shawarar da makaɗi ya yanke, ka kuma gane inda ta bambanta da ta wani makaɗin.

Sai dai kafin a kai ga haka, dole ne mai sauraro ya san cewa abubuwa uku ne suke cakuɗe a cikin duk sautin da ya shiga kunnensa: akwai aikin makaɗa, akwai zauren da aka ɗauki kiɗan tare da inda injiniya ya kafa makirufo, akwai kuma ɗakin da shi kansa yake zaune. Akwai wani tarko ma da ya riga waɗannan duka, shi ne ƙarfin sauti. Tun a 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin ƙasan sauti, wato sauti mai kauri irin na babbar ganga, sosai idan an rage murya, don haka faifan da ya ɗan fi ƙara yakan zo wa kunne da cika da armashi, sai mutum ya yanke masa hukuncin fifiko ba tare da ya san dalili ba. Tun da faya-fayai ba sa fitowa da ƙarfi ɗaya, duk kwatancin da aka yi ba tare da an daidaita murya ba bai tabbatar da kome ba.

Idan an kiyaye wannan, to a sa farkon simfoni ta biyar, waɗannan sautuka huɗu da duniya ta sani, uku gajeru ɗaya dogo. Beethoven ya sa alamar tsayawa a kan dogon, bai kuwa faɗi tsawon tsayawar ba, kuma daga nan jagorori suke rabuwa. Carlos Kleiber, a ɗaukar da ya yi da makaɗan Filharmonik na Biyana a 1974 don kamfanin Deutsche Grammophon, bai yarda tsayawar ta zama hutu ba. Yana riƙe sautin a ɗaure, kafin ka numfasa ya riga ya tura masu goge gaba, kuma haka zai ja ka har ƙarshen babin ba sassauci. Wilhelm Furtwängler kuwa, a watan Mayu na 1947 lokacin da ya koma gaban makaɗan Barlin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yana sauke kowane sauti da nauyi, yana jan tsayawar, yana barin shirun da ke bayanta ya yi tsawo, sa'an nan saurin kiɗan ya yi ta ƙaruwa da raguwa yadda zuciyarsa ta ba shi. Faifan nasa na bakin lasifika ɗaya ne, sautinsa a ƙuntace, ƙasansa a dushe, wanda duk mai gwada na'ura zai ture shi gefe. Amma a saurari wurin nan da ke tsakiyar babin farko, inda dukan makaɗa suke ɗauke hannu su bar algaitar obo ita kaɗai tana kuka a hankali. A hannun Kleiber ɗan numfashi ne kafin a koma fage. A hannun Furtwängler kuwa lokaci ne yake tsayawa cik, kuma ni ban san wani sabon faifai mai tsabtar sauti da yake taɓa ni a wannan wuri kamar tsohon nan ba.

Akwai kuma waɗanda suka koma ga kayan kiɗa irin na zamanin Beethoven, kamar John Eliot Gardiner a faya-fayansa da suka fito a 1994: goge mai tsarkiyar hanji maimakon ƙarfe, ƙaho marar maɓalli, ganguna ƙanana masu busasshen sauti, da ƙoƙarin bin saurin da Beethoven da kansa ya rubuta, wanda ya kai bugu 108 a minti a babin farko. Sautin ya fi sirantaka, kuma wanda ya saba da Herbert von Karajan, musamman ɗaukarsa ta 1962 a wata majami'a da ke Barlin inda amsa-kuwwar ginin ke lulluɓe masu goge da santsi da kauri, zai iya cewa lasifikarsa ce ta yi rauni. Lasifika ba ta da laifi a nan. Abin da Gardiner ya rasa na nauyi ya maye shi da tsabtar sauti, domin kayan busa da Karajan ke binnewa a ƙarƙashin goge suna fitowa fili ɗaya bayan ɗaya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma na'ura ta gari ita ce wadda ba ta mayar da kukan nan duka iri ɗaya ba.

Misalin da ya fi kowanne ƙarfi a wurina shi ne na mutum ɗaya da ya saɓa wa kansa. Glenn Gould, mai kaɗa fiyano ɗan ƙasar Kanada, ya ɗauki kiɗan mai tsara kiɗa Bach da aka sani da Goldberg, mai taken buɗewa da sassa talatin da ke biye da shi, wanda aka wallafa a 1741, har sau biyu a ɗakin ɗaukar sauti guda na kamfanin Columbia a birnin Niyok: na farko a 1955 yana saurayi, na biyu a 1981, shekara ɗaya kafin rasuwarsa yana da shekara 50. Na farkon bai cika minti 39 ba, na biyun ya haura minti 51, wani ɓangare saboda ya maimaita wasu sassa da ya tsallake maimaitawarsu a da, wani ɓangare kuma saboda tafiyar kanta ta canza. Taken buɗewa, wanda bai kai minti 2 ba a 1955, ya wuce minti 3 a 1981, kowane sauti an aje shi a natse, hannun hagu yana magana da ƙarfi daidai da na dama. Idan kayan sautinka suna da kyau za ka ji shi yana gunguni da bakinsa a bayan fiyano, abin da wasu ke ƙi, ni kuwa nake ɗaukarsa shaidar cewa mutum ne zaune a wurin. Na fi son na biyun, domin a cikinsa sassan talatin suna ɗaure da juna da bugu ɗaya da ke gudana a ƙarƙashinsu, yayin da na farkon ya fi burge kunne da saurin yatsu. Abin lura ga masu jayayya a kan na'urori shi ne, an fara fitar da na 1981 daga ɗaukar dijital ta farkon zamani, sa'an nan a 2002 aka sake fitar da shi daga tef ɗin da ba na dijital ba da aka ɗauka a lokaci guda. Bambancin sauti tsakanin fitowar biyu yana nan, na bayan ya fi taushi, amma bai kai ko kusa da ratar da ke tsakanin Gould na 1955 da Gould na 1981 ba.

Ba ina cewa kayan sauti ba su da muhimmanci ba ne. Wannan kiɗa yana da tazara mai faɗi tsakanin raɗa da tsawa, kuma mashigar babi na huɗu a simfoni ta biyar ita ce jarrabawar gaskiya: ganga tana bugawa ƙasa-ƙasa kamar daga nesa, masu goge suna lallaɓawa, sai kuma dukan makaɗa su ɓarke tare, har da manyan ƙahoni da Beethoven ya ɓoye bai yi amfani da su ba sai a nan. Na'urar da ta haɗiye raɗar, ko ta shaƙe a lokacin tsawar, ta ɓata ginin gaba ɗaya. Haka kuma wanda ya sa faifan Otto Klemperer na 1959 da makaɗan Philharmonia na Landan, inda rukunin farko na masu goge suke hagu, rukuni na biyu kuma suke dama, ba zai ji yadda suke miƙa wa juna zance ba sai lasifikunsa biyu suna tsaye daidai. Amma yawancin wannan gyara na ɗaki ne. A janye lasifika daga jikin bango da kusurwa don kada ƙasan sauti ya kumbura, a sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kujera, a ɗaga su zuwa tsayin kunne, a shimfiɗa darduma ko a rataya labule idan ɗakin yana amsa-kuwwa. Ga mai zama a gidan bene da maƙwabta sama da ƙasa, irin zaman da yawancinmu muke yi a nan, abin sawa a kunne mai kyau ya fi lasifikar da ba za a iya buɗe mata murya ba.

Abu na ƙarshe da nake ja da shi shi ne al'adar tsalle daga faifai zuwa faifai bayan 'yan daƙiƙoƙi, wadda sauraro ta intanet ya sauƙaƙa ƙwarai. Wannan hanya tana da amfani idan launin sauti ake son tantancewa, domin kunne ba ya daɗe da riƙe shi, amma ba ta iya nuna abin da jagora yake ginawa. Jinkirin Klemperer a minti na farko yakan yi kama da kasala, sai an bi shi har babi na huɗu ake gane cewa nauyi yake tarawa tun daga tushe. Don haka nakan saurari faifai ɗaya daga farko har ƙarshe a dare ɗaya, in bar ɗayan sai washegari, sa'an nan in koma ga wurare biyu ko uku da suka tsaya mini a rai, kamar kukan obo da mashigar babi na huɗu, in jera su kusa da juna da murya ɗaya.