Ba duk yaron da aka tsinta shi kaɗai ne maraya ba

Tun da rikicin Boko Haram ya koro jama'a daga Borno da Yobe zuwa Gombe, mutane da yawa suke ɗauka cewa yaron da ya iso ba tare da iyayensa ba maraya ne. Sai a ba wani riƙonsa, a sake masa suna, har a tura shi wani gari karatu. Niyyar mai kyau ce, amma tana toshe hanyar da danginsa za su bi su same shi.

Sau da yawa iyayen suna raye, gudu ne ya raba su. A shekarar 2019 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce tana da rajistar kusan mutum 22,000 da suka ɓace a Najeriya, kuma kashi 60 cikin ɗari yara ne lokacin da suka ɓace.

A riƙe yaro, a ciyar da shi, amma a bar masa sunansa. A rubuta abin da ya tuna: sunan mahaifi, ƙauyensu, mai unguwarsu. A adana kayan da ya zo da su, domin ƙaramin da bai iya magana ba da rigarsa ake gane shi. Sannan a sanar da ma'aikatar harkokin mata ta jiha ko Red Cross, waɗanda ke aikin neman dangi kyauta.