Wasan kwaikwayonmu har yau a gidan haya yake

A gaɓar teku ta arewa maso gabashin Ingila akwai wani gari mai suna Scarborough, mutanensa dubu 60 ne da ɗoriya, kuma yana da nisa da Landan. A wannan ƙaramin gari ne wani mutum, Alan Ayckbourn, ya shafe mafi yawan rayuwarsa a wasan kwaikwayo na dandamali. Ya zo a 1957 yana ɗan shekara 18, yana ƴar ƙaramar fitowa, yana kuma kula da kayan wasa. Gidan wasan a lokacin ɗaki ne guda a benen laburaren garin, wanda Stephen Joseph ya fara amfani da shi a 1955. Da saurayin ya yi ƙorafin ba a ba shi fitowar kirki, maigidan nasa ya nuna masa cewa in yana son wadda ta fi, sai ya zauna ya rubuta da kansa. Ya rubuta, aka nuna a 1959. Daga 1972 zuwa 2009 shi ke jagorantar gidan. Ya rubuta wasanni fiye da 80, kusan dukansu mutanen Scarborough ne suka fara gani kafin Landan ta gani.

A wannan yanki nake zaune, kuma ina zuwa kallo idan aljihu ya yarda. Abin da ke damuna ba ya wuce tambaya ɗaya: a Zariya, ko Katsina, ko Damagaram, ina yaro mai irin wannan baiwa zai shiga yana ɗan 18, ya fito da furfura yana kan sana'arsa?

Kada wani ya ce mini baiwar ce ba mu da ita. Duk wanda ya tashi yana jiran Samanja Mazan Fama ya san ƙarya ne. Marigayi Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya kwaso rayuwar bariki da Hausarta da tsawarta ya zuba wa mutane, shi ke ƙirƙira, shi ke tsarawa, shi ke fitowa. Ya rasu a 2023. Marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, fuskarsa kaɗai ta isa ta sa gida ya yi tsit ko ya kece da dariya. Allah ya jiƙansu da rahama. A Nijar ga Yazi Dogo, malamin makaranta da ya sa Hausawan ƙasar suka riƙa ganin kansu a dandamali da talabijin. Tun kafin su, Malam Aminu Kano yana ɗalibi yake rubuta wasa don ya taɓa zalunci da cuta. Waɗannan mutane ba su gaza kowa ba.

Abin da suka rasa shi ne gidan kansu. Wasan kwaikwayon Hausa na zamani kullum a gidan haya yake zaune. Da farko makaranta ce ta ba shi ɗaki, sai gidan rediyon Kaduna, sai talabijin ta gwamnati. Da kuɗin gwamnati suka ja baya, ƙungiyoyin dirama na Kano suka koma bidiyo; Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, daga nan Kannywood ta samo asali. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, mutum da iyali yana bin inda abinci yake. Sai dai dandamalin da suka baro babu wanda ya gaje shi. Abin da ya rage mafi yawa shi ne wasan wayar da kai: wata ƙungiya ta kawo kuɗi, ta ce a yi wasa kan rigakafi ko zaɓe, a yi a bakin kasuwa, a ɗauki hoto, a watse. Yana da amfaninsa. Amma mai kuɗin ne ya zaɓi zancen, kuma ran da aikinsa ya ƙare, wasan ya ƙare. Marubuci ba ya girma a haka.

Ga abin da ɗaki tsayayye ke yi wa mutum. Ayckbourn ya san ranar da za a buɗe ƙofa, ya san ƴan wasa nawa gidan zai iya biya, ya san muryar kowannensu. Idan wasan bana bai yi armashi ba, baɗi akwai wani. Yana zaune cikin masu kallo yana jin inda suka yi dariya da inda suka fara motsi a kujera, gobe ya gyara. Shekara hamsin na irin wannan gyara ita ke mai da ɗan wasa darakta, ta mai da darakta marubuci. Kyamara ba ta ba mutum wannan, domin in an ɗauka an ɗauka.

Sannan akwai takarda. A nan Ingila ko ƙungiyar sa kai ta ƙauye, ta malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ƴan fansho, idan za ta nuna wasan marubucin da wa'adin haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba, sai ta nemi izini ta biya kuɗi kan kowane nuni. Da wannan marubuci ke ci har tsufa, iyalinsa su ci bayansa. Mu kuwa yawancin diramar rediyo da talabijin tsara labari ake yi, ƴan wasa su cike da bakinsu. Gwaninta ce babba, Bature da yawa ba zai iya ba. Amma idan gwanin ya tafi, sai a nemi abin da wani yaro zai ɗauka ya sake nunawa a rasa, sai guntattakin bidiyo da hotonsu ya dushe a YouTube. Waɗanda aka buga kuma, irin Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Uwar Gulma na Mohammed Sada da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, mun mayar da su littattafan jarrabawa. Ɗalibi ya haddace sunayen taurari da jigo, ya gama makaranta bai taɓa ganin an taka su a gabansa ba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

Ba na cewa Ingila aljannar ɗan wasa ce. Yawancin ƴan wasansu suna haɗawa da aikin shago ko gidan abinci, ƙananan hukumomi suna ta rage tallafi, tikiti yana da tsada, kuma idan ka duba zauren galibi kawuna masu furfura za ka gani. A wannan fanni mun fi su nesa ba kusa ba. Masu kallonmu matasa ne, kuma ba sa zama shiru: suna amsa wa ɗan wasa, suna yi wa mugu Allah wadai tun bai rufe baki ba. Gidan Scarborough ya yi suna ne saboda masu kallo suna kewaye ƴan wasa ta kowane ɓangare, kujeru kusan 400. Mu haka muke kallon tashe da ƴan kama da wasan gauta tun kaka da kakanni, kuma gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe, ya nuna ana iya yi da kayanmu.

Na san damuwar iyaye da malamai, kuma ba na raina ta: dare, cakuɗuwar maza da mata, sunan da aka daɗe ana kiran ɗan wasa da shi. Amsar ita ce a yi wasan bayan la'asar a tashi kafin magariba, a ware wurin zaman iyali, a bar ƙofa a buɗe kowa ya ga abin da ake yi.

Ba katafaren gini nake roƙo ba. Garuruwanmu cike suke da zaurukan taro na ƙananan hukumomi da na makarantu waɗanda ba a buɗewa sai ranar biki ko taron siyasa. A ba ƙungiya ɗaya zaure ɗaya mai cin mutum 150, duk Asabar, na shekara biyar, da yarjejeniya a rubuce wadda sauyin shugaba ba zai rushe ba. A sa tikiti daidai kuɗin kwanon abinci, a ware wa marubuci kasonsa daga kowane nuni, kuma kada a nuna wasa sai an ajiye rubutaccen kwafinsa a laburaren garin.