Jirgin Sama Ba Ya Ganin Zinare

Duk wanda ya shimfiɗa maka taswira mai launi-launi ta binciken ma'adinai da aka yi da jirgin sama a Zariya, ya ɗora yatsa kan jan wuri ya ce ga zinare nan, ka riƙe kuɗinka tukuna. Zinare ba ya jan maganaɗisu, na'urar da ke jirgin kuma ba ta san da zamansa ba.

Abin da take aunawa shi ne ƙarfin maganaɗisun duwatsu. Daga nan ake gano tsagogin da ruwan zafi ya bi tun zamanin da, ya bar jijiyoyin farin dutse, irin waɗanda ake bi wajen neman zinare a Birnin Gwari da Maru da Anka. Wata na'urar tana ƙirga tururin fotasiyam da toriyam da yuraniyam, amma ganinta bai wuce kamar santimita 30 na saman ƙasa ba. Inda marmara ta rufe dutse, marmarar za ta karanta.

Sai batun tazara, wanda dillalai ba sa faɗa. Binciken da kamfanin Fugro ya yi wa hukumar binciken duwatsu da ma'adinai ta Najeriya (NGSA) tsakanin 2003 da 2010, jirgi na tafiya mita 80 daga ƙasa, tsakanin layin da ya bi da na gaba mita 500. Jijiyar zinare kuwa sau da yawa faɗinta mita ɗaya ne ko biyu. Lafiya lau za ta kwanta tsakanin layuka, jirgi ya wuce. Ga kuma wani tarko: a yankinmu layukan maganaɗisun duniya kusan a kwance suke, don haka dutse mai ƙarfin maganaɗisu kan fito da ƙaramin adadi, akasin yadda yake a Kanada. Wanda bai gyara wannan ba, sai ya haƙa inda babu komai.

Ban raina binciken ba. Yana rage dajin da za a taka, wannan babbar riba ce. Amma bayansa dole a ɗebi samfurin ƙasa, a tona kwari a gicciye da tsagar, a huda dutse, a auna giram nawa ke cikin tan guda. A auna dalma ma a lokacin. Gubarta ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, bayan an riƙa niƙa dutse a cikin gidaje.

Jami'ar Ahmadu Bello na da masana ilimin ƙasa a Samaru. Kafin a biya kuɗin lasisi ko hayar injin haƙa, a kai musu taswirar su duba.