"Kawo Takardunka, Zan Duba"

'Yan uwana da Allah ya rufa wa asiri da aikin yi, yau da ku nake, kuma ban cire kaina ba.

Jiya na leƙa wani abokina a wurin aikinsa, na tarar da wani magidanci zaune a kan benci, riƙe da ambulan da ta yi laushi don yawan riƙo. Da abokin nawa ya fito, mutumin ya yi zumbur ya miƙe har da rusunawa: "Ranka ya daɗe, na zo jin maganar nan ne." Ya ce masa, "Malam, ana nan ana dubawa, ka leƙo mako mai zuwa." Da muka shiga ciki na tambaye shi wane aiki ne. Sai ya yi dariya, ya ce ai babu wani aiki, ba ya dai so ya karya masa gwiwa ne. Zuwan bawan Allahn nan na biyar ke nan. Na biyar!

Wai tausayi ke nan. Wallahi mugunta ce aka yi mata kwalliya. Mutumin da sai ya fita yake samun abin kai wa 'ya'yansa, duk ranar da ya zo ya zauna a ƙofar ofishinka asara biyu ya yi: kuɗin mota, da abin da zai samu a wunin. In uwa ce, sai ta fara roƙon wanda za ta bar wa yara kafin ta fito. Kuma ba tsiraru ba ne masu irin wannan rayuwa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum kusan biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, ba su da aikin da ke kan ƙa'ida. In ba su fita ba, ba su samu ba. Irinsu kake cewa "dawo jibi" kamar wuninsu kyauta ne.

Alƙawari kaya ne, amma mu mun mai da shi gaisuwa. "Zan kira ka." "Oga ya yi tafiya." "An kusa buɗe ɗauka." Mutum ya koma gida ya ce wa iyalinsa an kusa, ya ci bashi a kan "an kusa", har ya ƙi wani ƙaramin aikin da ya samu don yana zaman jiran gawon shanu. Takardun nasa kuwa suna ƙasan durowa, ko ma kwandon shara. Mun manta saɓa alƙawari yana cikin alamomin munafuki uku da hadisi ya lissafa? Ba ma na son in taɓo masu karɓar na goro kafin su miƙa sunan mutum, ko masu ba talaka sadaka da hannun dama, hagu na riƙe da waya don a gani a Facebook. Waɗannan sai wata rana.

In ba ka da aiki, faɗa masa gaskiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuma da gaske kake son taimako, buɗe ambulan ɗin mana! Sau da yawa abin da ke kayar da mutum bai taka kara ya karya ba: lambar waya da ta daina aiki, suna ya bambanta tsakanin takarda da katin shaida, ya iya aikin hannu sarai amma bai san yadda zai faɗe shi a gaban masu tantancewa ba, ko ba shi da wanda zai tsaya masa. Ko an ɗauke shi, da me zai yi zirga-zirga kafin albashin farko? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutumin Ansar ya zo roƙo wurin Annabi (SAW). Ya sa aka sayar da ɗan abin da mutumin ya mallaka dirhami 2, ɗaya na abincin iyali, ɗaya na gatari. Da hannunsa mai albarka ya sa wa gatarin ƙota, ya ce ya je ya yi itace, kada ya gan shi sai bayan kwana 15. Ya dawo da dirhami 10. Iyali aka fara tunawa, sannan kayan aiki, sannan wa'adi na gaskiya.

Mun taso mun ga dattawan da in suka ce "zan kai ka", sai sun kama hannunka har gaban mai aikin su ce, "Ga shi, ni na tsaya masa." In ba za su iya ba, a nan take za su ce ba za su iya ba, ka ji ciwo na rana ɗaya ka nemi wata ƙofar. Yanzu kowa so yake a ce yana da hanya, a riƙa layi a ƙofarsa ana "ranka ya daɗe".

Da na fito, mutumin na bakin titi yana ƙirga canjin da ke hannunsa. Na san mako mai zuwa zai dawo, ni ma kuma ban iya buɗe baki na ce masa kada ya zo ba.