Watan Yuni a Ingila ba na zaman falo ba ne

Yau da 'yan uwana mazauna Ingila nake, sauran jama'a ku yi haƙuri ku saurara. Mun iya ƙorafin sanyi. Tun daga Nuwamba muke kukan duhu, ƙarfe huɗu na yamma gari ya rufe, kowa ya takure kusa da hita. To ga Yuni ya shigo, rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, ƙauyuka sun cika da fure, mu kuma ina muke? Asabar a manyan kantuna, Lahadi a falo kowa da wayarsa. Yaranmu sun haddace hanyar shagon takalma, amma ba su taɓa tsayawa sun ga ƙudan zuma ya shige cikin fure ya fito da gari a ƙafafunsa ba.

Akwai wani tsari a ƙasar nan da ake kira National Garden Scheme. A 1927 aka fara shi, kafin a kafa hukumar lafiya ta NHS a 1948, lokacin da ma'aikatan jinya masu bin gida-gida suke dogaro da taimakon jama'a. Wata mata, Elsie Wagg, ta kawo shawarar masu lambu su buɗe ƙofa, duk mai son shiga ya biya sule ɗaya. Lambuna 609 aka buɗe a shekarar farko, aka tara sama da fam 8,000. Har yau abin bai mutu ba. Lambuna dubbai ne ke buɗewa duk shekara, kuɗin kuma yana tafiya ga ƙungiyoyi irin su Macmillan da Marie Curie masu kula da masu ciwon daji da waɗanda jinya ta yi wa nisa. Mu da yawancinmu a asibiti ko gidan kula da tsofaffi muke neman abinci, ai abin ya shafe mu kai tsaye.

Na san abin da za a ce. Wani abokina cewa ya yi, "Malam, fure ai ba a miya da shi." Gaskiyarsa, mu lambu muka sani na tumatir da albasa da alayyafo, wanda za a ɗebo a kai kasuwa. Sai dai ban yarda cewa duk abin da ba ya shiga tukunya aikin banza ne ba. Mu da ke kashe kuɗi a kan turaren wuta da humra, ba mu da bakin raina wanda ya shekara yana renon wardi don ƙamshinsa.

Manyan lambunan suna nan ga mai so. Sissinghurst a Kent, wanda marubuciya Vita Sackville-West da mijinta Harold Nicolson suka saya a 1930, an yanka shi ɗaki-ɗaki da shingen itatuwa, akwai ɓangaren da ba a shuka komai a ciki sai fararen furanni. Mottisfont a Hampshire kuwa tsofaffin nau'o'in wardi ne a cikin katanga, da yawansu sau ɗaya suke fure a shekara, a Yuni. Idan ka je a Agusta sai dai ka gaisa da ganye. Suna da kyau, ban musa ba, amma cunkoso ya yi yawa, kuɗin shiga ba wasa, kuma kowa hoto ya zo ɗauka.

Ni ƙananan sun fi kwanta mini. Gidan mutum ne kawai a ƙauye, an kafa allo ruwan ɗorawa a bakin titi, an ajiye tebur da gwangwanin kuɗi. 'Yan fam kaɗan za ka biya, yara galibi kyauta. A wani da na shiga, mai gidan tsohuwa ce, ƙasa duk ta cika mata farce, ta ja ni har bayan ɗakin ajiya don in ga inda dodon koɗi ya cinye mata shuka, tana faɗa kamar an yi mata sata. Ta nuna mini wani dogon fure mai jerin ƙararrawa ruwan hoda, foxglove, ta ce kada yara su taɓa, guba ne. Daga danginsa ake samo digoxin, maganin zuciyar da ake rubuta wa tsofaffi a asibiti. Da zan tafi ta miƙo mini reshen labanda, wata shuka mai ƙamshi, a robar yogot, ta ce kada in cika masa ruwa. A babban lambu wa zai tsaya maka haka?

Ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci kai kaɗai ne baƙar fata a wurin, kuma za a kalle ka. Yawanci kallon yana ƙarewa ne da tambayar me ake shukawa a ƙasarku, ka ga hira ta buɗe, har a kai ga zoɓo da lalle. Shayi da kek kuwa kusan ko'ina ana sayarwa, sai dai ka tambaya ko an sa giya a kek ɗin, don wasu suna sawa. Ka tafi da dardumarka, filin ciyawa ba ya wuya.

Matsalar gaske ita ce abin hawa. Yawancin lambunan nan ranar Lahadi da rana suke buɗewa, ranar da bas ɗin ƙauye ke ƙaranci, wani wurin ma babu shi sam. Don haka masu mota, ku dubi ɗalibai da sababbin zuwa. Ku shiga shafin tsarin, ku sa lambar unguwarku, zai nuna muku waɗanda ke kusa da ranar buɗewarsu, don wasu yini ɗaya tak suke buɗewa a shekara. Ni dai Lahadi mai zuwa akwai kujera biyu a motata, wanda ya riga magana shi ke da su.