Kafin ka sayi gwanjon mota mai ƙofa biyu, fara da duba jikinta

Jama'a, yau kan mota mai ƙofa biyu nake so mu yi magana. Ba ƙananan motocin tsere nake nufi ba. Matsakaitan nan nake nufi, masu kujerar baya da but mai faɗi, irin su Honda Accord mai ƙofa biyu, da Toyota Solara, da Nissan Altima, da Mercedes CLK, da Peugeot 406 ɗin nan da ba a cika ganinta a titi ba. Samari da yawa na sha'awarsu, amma da zarar yaro ya furta a gida ko a majalisa sai a rufe shi da faɗa. Abin da ke damuna shi ne dalilan da ake ba shi ba su ne na gaskiya ba, ainihin abin da ya kamata ya sani kuwa ba mai gaya masa.

Ana cewa motar 'yan gayu ce, motar marowata ce, wanda ya saye ta ba ya son rage wa kowa hanya. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Halin mutum ba a yawan ƙofar motarsa yake ba. Duk mun san masu bas guda da suke wuce maƙwabcinsu a bakin titi cikin rana. Mutum ya yi gumi ya tara kuɗinsa na halak, idonsa ya ga abin da ya kwanta masa a rai, ba laifi ba ne ya saya. Son abu mai kyau ba aibi ba ne. Kuma gaskiya motocin nan suna da kyau. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Peugeot 406 mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana kuma ya ƙera tun 1997, ya san cewa ba a banza ido ke bin ta ba.

To amma akwai abin da ke jan mutane bayan kyan, wato farashi. Sau da yawa za ka tarar mai ƙofa biyu ta fi 'yar uwarta mai ƙofa huɗu araha, shekara ɗaya, inji ɗaya, wani lokaci ma ita ce ta fi kayan alatu a ciki, kujerun fata da rufin da ke buɗewa. Dillali zai ce maka sa'a ce ka taka. Ba sa'a ba ce. Masu nemanta ne ba su da yawa, mai ita ya gaji da jira, shi ya sa ya sauko. Wannan ragin na gaske ne, kuma za ka iya cin moriyarsa, amma ka sani ranar da kai ma ka tashi sayarwa, irin wannan jiran za ka yi, irin wannan ragin za a nema a wurinka.

Ga inda nake ganin yawancin masu saye ke kuskure. Mu a nan, in za a sayi mota, bakanike ake ɗauka. Ya buɗe gaba, ya saurari inji, ya zaro sandar baƙin mai ya duba, ya taka totur ya leƙa salansa ko tana hayaƙi. In ya ce inji lafiya lau, an gama, a biya kuɗi. Jiki kuwa sai a ce ai mai fenti zai gyara. A mota mai ƙofa huɗu wannan lissafin yana tafiya daidai. A mai ƙofa biyu sai an juya shi.

Dalili kuwa, abin da ke cikin cikinta ba baƙo ba ne. Accord mai ƙofa biyu ta 2003 zuwa 2007 injin da ke cikin 'yar uwarta mai ƙofa huɗu wadda ake kira EOD shi ne a cikinta, ko mai silinda huɗu na lita 2.4, ko V6 mai silinda shida na lita 3.0. Ta 2008 zuwa 2012 kuma injin mai ƙofa huɗun da ake kira Evil Spirit ne. Solara Camry ce aka canza wa riga. Duk bakaniken da ya san waɗannan motocin ya san ta, kuma in ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, inji da giya da shokozoba da burki duk za ka samu, sabo ko na gwanjo. Inji in ya buga, ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu.

Ƙofa fa? Ƙofar mai ƙofa biyu ta fi tsawo, ba ta shiga jikin mai ƙofa huɗu, ta mai ƙofa huɗu ma ba ta shiga nata. Haka gilashin ƙofar, haka ɗan gilashin nan na gefen kujerar baya, haka gilashin baya, da murfin but, da fitilun baya, da bambar baya. A Accord ta 2008 ma har tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ta fi ta mai ƙofa huɗu gajarta. Yanzu ka tuna yadda titinmu yake: ɗan sahu ya goga ka a cunkoso, mai babur ya shigo ta inda ba ka zata ba, yaro ya jefa dutse. Abin da mai EOD zai gyara kafin la'asar, kai sai ka yi sati kana buga waya kasuwar Ladipo a Legas, ana ce maka a jira kwantena. In an samu, kuɗin da za a faɗa maka na wanda ba shi da zaɓi ne. Shi ya sa za ka ga mota mai kyau tana yawo da leda a manne a tagarta wata da watanni. Ba sakacin mai ita ba ne, gilashin ne babu.

Kuma lamarin ƙara tsananta yake yi, domin kamfanonin sun daina ƙera su. Toyota ta tsayar da Solara a 2008. Nissan ta bar Altima mai ƙofa biyu a 2013. Honda ta yi ta ƙarshe a 2017. Mercedes ta rufe CLK tun 2009. Ita kuwa 406, kada sunan ya ruɗe ka ka ce ai Kaduna aka haɗa ta. Wadda kamfanin Peugeot na Najeriya, PAN, ya haɗa a Kaduna mai ƙofa huɗu ce. Mai ƙofa biyu daga Italiya take, jikinta daban. Ke nan duk ƙofar da za ka samu daga yau, daga jikin wata motar da ta mutu aka ciro ta, kuma adadinsu raguwa yake yi.

Saboda haka in za ka je ganin irin wannan mota, kafin bakanike ka ɗauki mai gyaran jiki, wanda hannunsa ya saba da bugun ƙarfe. Ku je da rana tsaka, ba da magariba ba, kada kuma ka yarda a nuna maka ita a jiƙe da ruwan wanki, domin ruwa na ɓoye tabo. Ya bi jikin da maganaɗisu, inda aka cika da bodi ba zai kama ba. Ya duba tazarar ƙofa da jiki ko ta yi daidai a ɓangarorin biyu. Ka buɗe ƙofar gaba ɗaya ka ɗaga bakinta sama da hannu. In ta yi motsi, maƙalarta ta ci, domin ƙofa ce mai nauyi kuma shekaru take yi tana rataye. Ka sauke gilas ka ɗaga ka saurari ƙararsa. A CLK gilashin ba shi da ƙarfen da ya kewaye shi, roba yake dannawa kai tsaye, to in robar ta bushe, ƙurar hunturu da ruwan damina duk a cikin motar za su kwana. Ka kifa kujerar gaba ka mayar, duka biyun, domin in abin da ke kifa ta ya lalace kujerar baya ta zama ta ado. A Solara ka dubi dashbod, zafin rana na tsattsaga shi.

Akwai kuma batun inda ta fito. Yawancin waɗannan motoci daga Amurka suke, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, irin su Copart da IAA, waɗanda kamfanin inshora ya ga gyaransu bai biya ba. Mai ƙofa biyu kuwa a can ma matasa na hawanta, kuma matashi a ko'ina yake yana son gudu. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17, tana nan a kusurwar gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ka tabbatar lambar iri ɗaya ce a wuraren biyu da kuma a takarda. Ka sa ta a intanet, sau da yawa hotunan ranar da aka yi gwanjonta za su fito, ka ga da idonka ko gaba ce ta ragargaje ko gefe. Gani ya kori ji. In ka biya 'yan kuɗi kaɗan shafin Carfax na intanet zai ba ka tarihinta, har da yawan tafiyar da ta yi, domin mayar da agogon mota baya sana'a ce da wasu suka riƙe. Ka tuna ma agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, mil 100,000 wajen kilomita 160,000 ne.

Wadda na fi jin tsoro ita ce wadda ambaliya ta ci. Bayan guguwar Katrina a 2005, da Sandy a 2012, da Harvey a 2017, dubban motocin da suka kwana cikin ruwa sun shiga kasuwar gwanjo. A waje tas suke. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai layin laka, ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. Motar ruwa ba ta mutuwa rana ɗaya. Yau fitila, gobe gilas, jibi giya ta rikice, mai waya ya zama abokinka na dole. In ka ga alama ko ɗaya, ka juya, ko nawa aka rage maka. Araha ba ta ado.

Game da inji ba zan ja dogon zance ba, amma ra'ayina a fili yake: ka ɗauki mai silinda huɗu. Na san V6 ita ce ke da daɗin taka wa a hanyar Zariya zuwa Kano. Sai dai kafin 29 ga Mayu, 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai Naira 200 ba, bayan cire tallafi kuwa mun ga ta haura Naira 1,000. Ban da shan mai, V6 ta Honda bel ne ke juya taimin ɗin injinta, ana son canza shi wajen mil 100,000, in ya tsinke kana tafiya injin ya tafi. Mai lita 2.4 kaca gare ta. Giyar V6 ta 2003 da 2004 ma ta yi ƙaurin suna, har Honda ta kira motocin a dawo da su gyara a 2004. Giyar Honda man Honda take so, ba kowane jan mai da aka zuba a galan ba. Altima kuwa giyarta wata irin otomatik ce da ake kira CVT, ba ta son zafi, kuma ba kowane gareji ne ya iya ta ba.

Takardu ma kada ka yi wasa da su. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma motar Kwatano ba ta daina shigowa ba. Ka kai takardar kwastam ofishinsu a tantance kafin ka biya. Mota mai ƙofa biyu ba ta ɓuya a shinge, ido na kanta tun daga nesa.

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina, kuma ita ce gaskiyar da ke cikin faɗan da iyaye ke yi, ko da sun faɗe ta ta wata hanya. A gidajenmu mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar da jikin Hajiya ya tashi cikin dare, motarka za a nema. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta iya sunkuyawa ta ratsa bayan kujera ba, kuma a yawancinsu tagar baya ba ta buɗewa. Mai juna biyu ma haka. In ka sa Baba a gaba, ina Hajiya za ta zauna? In aka tsaya a hanya, na gaba sai ya fita kafin na baya ya sauka, kuma na gaban shi ne babba. Ranar biki ko suna ko gaisuwar rasuwa, za ka ji kunyar da ba ka shirya mata ba. Ƙanina, in wannan ita ce za ta zama mota ɗaya tilo a gidanku, kuma kai ne wanda ake kira in abu ya taso, don Allah ka haƙura da ita yanzu. Ba don mutane za su yi magana ba, don ranar da za ka so ka ɗauki mahaifiyarka cikin sauƙi.

Amma in akwai wata motar a gida, ko kai kaɗai ne a garin da kake aiki, ko kai da amaryarka ne, to ni ina bayanka. Za ka samu mota mai ƙarfi a farashin da bai kai darajarta ba, kuma za ka ji daɗin kallonta kowace safiya. Sharaɗina biyu ne. Ka saye ta da niyyar riƙewa shekaru, ba don ka juya kuɗi bayan wata shida ba, domin masu kabu-kabu da magidanta, waɗanda su ne kasuwar gwanjon mota a Arewa, ba za su taya ta ba. Sannan kada ka zuba duk abin da ke hannunka a farashinta. Ka ware wani abu na juyen mai da tayoyi da bel, kuma tun motar tana lafiya ka nemi mai sayar da kayan jikinta ka karɓi lambarsa. In ka ci karo da fitilar baya ko gilashin gefe a farashi mai sauƙi, ka saya ka ajiye a ɗaki tun ba ka buƙace su ba.